Yadda Ake Ganin Rabuwar Kuloroflas da Maitokondiriya a Madubin Likita

Duk wanda ya koyar da Bayoloji a sakandare ya san zanen ƙwayar halittar tsiro, wato sel, da ake yi a allo: ga bango, ga cibiya, ga korayen ɗigogi da ake kira kuloroflas, ga wasu ƙanana da ake kira maitokondiriya. Yara su kwafa, su haddace cewa na farkon shi ke haɗa abinci da hasken rana, ta biyun kuma ita ke fitar da ƙarfi daga abincin. Abin da ba kasafai ake gaya musu ba shi ne, sel ba ya ƙera ko ɗaya daga cikinsu daga babu. Kowanne daga ɗan'uwansa ya fito: ya yi girma, ya tsuke a tsakiya, ya rabu biyu.

Ana iya ganin wannan da madubin likita irin na makaranta, a nan cikin birnin Kano, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun malami ba. Sai dai ka san abu ɗaya tun daga farko. Rabuwar ba ta gaggawa, don haka da wuya ka ga guda ɗaya ya fara ya gama a cikin darasi ɗaya. Abin da za ka samu shi ne da yawa daga cikinsu, kowanne a matakin da ka riske shi, kai ne za ka jera su. Shi ya sa rabin aikin yana wajen zaɓen ganyen da ya dace.

Kayan aiki

- Madubin likita mai ido lamba 10 da lamba 40. Idan idon sama, wanda ake leƙawa ta cikinsa, lamba 10 ne, shi da lamba 40 ka samu girma ninki 400 ke nan, kuma ya isa ganin kuloroflas. Maitokondiriya sai da ido lamba 100 da man madubi na musamman da ake ɗigawa a kan murfin gilashi.
- Gilasan ɗora samfur da siraran murafunsu.
- Sabuwar reza, hantsaki mai siririn baki, allura biyu.
- Abin ɗiga ruwa. In babu, sirinji marar allura ya wadatar.
- Kwalabe masu faɗin baki, tishu, man baselin, sukari, aidin.
- Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta. In babu, ruwan famfo da ya kwana a buɗe.
- Samfura: gansakukar bango, gansakukar ruwa, ƙwayar alkama, albasa.
- Rinin Janus green B, na aikin maitokondiriya kaɗai.
- Littafin zane da fensir.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka leƙa

Kuloroflas na ganye bai wuce faɗin maikuromita 5 zuwa 10 ba, wato kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na milimita. Maitokondiriya kuwa kusan maikuromita 1 ce. Tun 1883 masanin tsirrai Andreas Schimper ya lura cewa kuloroflas na rabuwa ne kamar yadda bakteriya ke yi, kuma Lynn Margulis ta ƙarfafa bayanin a 1967: asalin dukkansu biyun bakteriya ne da suka zauna a cikin wani sel, zama ya yi zama. Har yau kowannensu na da ɗan DNA nasa, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado.

Tsukewar da za ka gani aikin zobba ne na furotin. Daga ciki akwai zoben FtsZ, irin wanda bakteriya ke rabuwa da shi, kuma a 1995 aka gano shi a kuloroflas na tsiro. Daga waje akwai zoben wani furotin mai suna dainamin, wanda sel ɗin ne ya kawo shi. Su biyun da wasu mataimakansu ke matse tsakiya har ta yanke. Maitokondiriyar tsirrai ta rabu da FtsZ tuntuni, da dainamin take aiki. Ba za ka ga zobban nan ba, sun fi ƙarfin madubinka. Sawunsu kawai za ka gani, wato kuloroflas mai ƙugu, siffar gyaɗa mai 'ya'ya biyu a cikin ɓawonta. Ita ce siffar da muke farauta.

1. Nemo samfur

Gansakukar bango ita ce gaba, kuma da ita nake so ka fara. Ita ce koriyar shimfiɗar nan mai laushi da ke fitowa a gindin katanga inda rana ba ta duka, ko bayan banɗaki, ko ƙarƙashin indararo. Ka duba da kyau: wadda muke so tana da 'yan mitsi-mitsin ganye a tsaye. Wadda ta zama kamar koren fenti a jikin siminti ba ita ba ce. A watan Agusta da Satumba ba sai ka wahala ba, lungunan cikin gari cike suke da ita. Da rani sai ka nemi gindin randa, ko gefen famfon da ke yoyo, ko wurin masu sayar da furanni inda ake ban-ruwa kullum. Ka ɗebo ta da ƙasarta, ka sa a faranti, ka yayyafa ruwa, ka rufe da farar leda, ka ajiye kusa da taga ba cikin rana ba. Bayan kwana huɗu ko biyar za ta yi sabon toho. Tohon nan shi ne abin nema.

Gansakukar ruwa kuwa, wadda ake so ita ce Spirogyra: zare-zare kore shar, mai santsi in ka murza a yatsa. Ana samunta a ruwa mai kwanciya, kamar gefen Kogin Challawa wajen Tamburawa, da magudanan noman rani na Kadawa, da wasu kududdufan da ba su gurɓace ba. Kada ka ɗebo daga kwata ko daga Kogin Jakara, ƙazanta za ta rufe maka komai. Kuma don Allah kada ka tura yara cikin kududdufi. Tsargiya ta nan ake kwasarta. A tsaya a gefe, a jawo da sanda, a wanke hannu da sabulu.

Alkama ka sayi ɗan kaɗan a Kasuwar Rimi ko Dawanau, ka jiƙa ta kwana, ka shuka a gwangwani mai huji da yashi. A kwana 7 ta isa aiki. In ba ka samu alkama ba, shinkafa shanshera ta yi. Masara da dawa da gero suna da kuloroflas iri biyu a ganyensu, za su rikita mai koyo, ka bar su sai gaba.

2. Shirya samfurin tun daren jiya

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, sai su dawo suna cewa ba su ga komai ba. Kuloroflas na motsi a cikin sel. In haske ya yi ƙarfi, sai su gudu su manne a bangon gefe, ka gan su a kaikaice kamar siraran layuka. In haske ya yi sanyi, sai su bazu a fuskar sel, kowanne a fili. Ban da haka, ganyen da ya wuni a rana yana tara sitaci, kuloroflas su yi gudaji-gudaji, siffarsu ta ɓace. Saboda haka ka bar farantin a inuwar ɗaki, ka yi aikin da safe.

3. Haɗa gilashin gansakukar bango

Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi. Da hantsaki ka tsinko kan tsiro guda, ka sa a cikin ɗigon. Da allura biyu ka ɓare ganyayen can ƙoli, ƙanana masu hasken kore. Uku sun isa, ka fitar da karan da duk wani yashi. Ƙwayar yashi ɗaya tak na iya fasa murfi.

Ka dangwala baselin ɗan ƙanƙani a kusurwoyi huɗu na murfin. Ka kafa gefensa ɗaya a bakin ruwan, ka tallafe shi da allura, ka sauke a hankali don iska ta fice. Kada ka danna. In ruwa ya yi yawa, ka tsotse da bakin tishu.

Dalilin da ya sa na fifita wannan tsiro shi ne ganyensa sel ɗaya ne kaurinsa, in ban da jijiyar tsakiya. Babu yanka, babu rini, kuma komai yana raye.

Gargaɗi kan ruwa: wasu rijiyoyi da burtsatse suna da gishiri-gishiri. In ka ga koren cikin sel ya janye daga bango ya dunƙule, ruwan ne ya tsotse shi. Ka sake sabon gilashi da ruwan sama.

4. Saita madubi ka nemo masu ƙugu

Fara da ido lamba 10, ka nemo gindin ganyen, sannan ka juya zuwa 40. Daga nan ƙaramin abin saiti, wato ƙaramin mamurɗin da ke fito da hoto sarai, kaɗai za ka riƙa taɓawa. Ka rage ƙofar hasken da ke ƙarƙashin teburin madubin har gefen kowane kuloroflas ya fito sarai. Masu koyo suna son buɗe haske gaba ɗaya, alhali yawansa wanke hoton yake yi. In an ɗauke wuta, fitilar waya ta isa: ka rufe ta da farar takarda, ka ajiye a ƙasa. Ta ma fi tsohon ƙwan fitila, domin ba ta dafa samfur. In madubinka mai madubin juyawa ne, ka fuskantar da shi ga farin bango ko sararin sama, kada ka kuskura ka fuskantar da shi ga rana.

Yanzu ka bi sel ɗaya-ɗaya. Za ka tarar da siffofi huɗu. Akwai zagayayye ko mai siffar ƙwai, wanda bai fara ba. Akwai wanda ya yi tsawo fiye da maƙwabtansa. Akwai mai ƙugu, daga wanda ƙugun ya ɗan lotsa zuwa wanda siririn wuya kawai ya rage. Sai kuma 'yan biyu ƙanana, girmansu ɗaya, suna dab da juna, alamar yanzu suka rabu.

Babban tarkon yana nan. Kuloroflas biyu da suka jingina da juna, ko ɗaya ya hau kan ɗaya, suna kama da mai rabuwa sosai. Ga yadda za ka bambance. Ka murɗa ƙaramin abin saiti sama da ƙasa a hankali. In biyu ne suka hau juna, ɗaya zai fito sarai yayin da ɗayan ke dushewa, kuma inda suka haɗu zai fi duhun kore, domin kauri biyu ne. In mai rabuwa ne na gaskiya, ɓangarorin biyu tare suke fitowa tare suke dushewa, layin gefensa ɗaya ne ya zagaye su bai yanke ba, wuyan kuma ya fi sauran jiki haske. Yawanci ƙugun a tsakiya yake daidai, domin akwai furotin da aikinsu shi ne hana zoben kafuwa a gefe. Wanda ka yi shakka a kansa, kada ka ƙirga shi.

In kana so ka gwada sa'arka, ka zaɓi guda mai siririn wuya, ka zana shi da maƙwabtansa, ka shafe gefunan murfin da baselin don kada ruwa ya bushe, ka kashe fitila, ka riƙa dawowa duk bayan minti 20. Wani lokaci za ka dawo ka tarar wuyan ya yanke. A lokacin hunturu wannan shafen dole ne, iska na shanye ɗigon kafin ka ankara.

5. Ƙirga

A nan kallo ke zama ilimi. Ka zaɓi sel 10 a ɗan ƙaramin ganye, ka ƙirga dukkan kuloroflas da ke ciki, ka ware masu ƙugu. Ka sake yin haka a tsohon ganye na ƙasa. A ce, don misali kawai, ka ƙirga 200 ka samu 14 masu ƙugu: kashi 7 cikin ɗari ke nan. Ka bar kowane rukunin ɗalibai su fitar da nasu lissafin, a rubuta a allo, a kwatanta. Su da kansu za su gano cewa rabuwa ta fi yawa inda sel ke cikin girma. Ni a ganina wannan ƙirgar ta fi duk wani zane da za ka ba su amfani, domin gani ya kori ji, kuma lambar da yaro ya samo da idonsa ba ya mantawa da ita.

In sun tambaya me zai faru in rabuwar ta tsaya, akwai amsa tabbatacciya. A Jami'ar York ta Ingila, Kevin Pyke da Rachel Leech sun ware wasu irin Arabidopsis, wani ɗan tsiro da ake yawan bincike da shi, da rabuwar ta lalace musu. Sel ɗin ganye mai lafiya na ɗauke da kuloroflas wajen 100, amma a irin da ake kira arc6, guda biyu ne kacal a matsakaici, manya-manya. A 1998 kuma, a Jamus, an kashe ƙwayar gadon da ke samar da FtsZ a wata gansakuka mai suna Physcomitrella, sai sel ya koma da ƙaton kuloroflas guda. Har ma an nuna a 1997 cewa magungunan dangin fenisilin na hana kuloroflas rabuwa a wannan gansakuka, amma ba sa hanawa a tumatir. Dalili shi ne kuloroflas ɗin gansakukar bai yar da ragowar bangon bakteriya da ya gada ba.

6. Ganyen alkama

Ganyen alkama daga gindi yake girma, don haka sel na gindi jarirai ne, na ƙoli tsofaffi. Ganye ɗaya ya jera maka shekarunsu a layi. Ka tuge tsiro, ka zare ganyen farko har gindinsa fari. Ka yanki gutsure a gindin, da wani a santimita 2, da wani a santimita 4, da wani kusa da ƙoli. Rabuwa ta fi yawa a santimitocin farko, inda fari ke rikiɗewa zuwa kore.

Wannan ganye ya yi kauri, sai an fito da abin da ke cikinsa. Ka narkar da sukari cokalin cin abinci ɗaya a shafe cikin ruwa mililita 100, ka sanyaya. Ka ɗiga a gilashi, ka sa gutsuren, ka yi masa sara ƙanana da reza, ka kwashe tarkacen, ka rufe. Kuloroflas za su fito suna yawo. Kada ka yi wannan da ruwa zalla, kumbura za su yi su fashe. Ka duba cikin minti goma.

Wanda ke da ɗakin gwaji irin na jami'a yana da hanya mafi tsabta: a jiƙa gutsuren a sinadarin gulutaraldihaid kashi 3.5 cikin ɗari na awa ɗaya, a mayar da shi ruwan wani sinadari mai suna EDTA a zafin digiri 60 na awa biyu zuwa uku, sai sel su rabu ɗai-ɗai da kuloroflas ɗinsu a ciki. Gulutaraldihaid guba ne, ba na ajin sakandare ba ne.

7. Spirogyra

A nan kuloroflas doguwar koriyar tsiri ce da ta murɗe a jikin bangon sel. Tana ƙara tsawo tare da sel, idan kuma sel zai rabu, sabon bango ya taso daga gefe yana shiga tsakiya, tsirin ya yanke, kowane ɓangare ya tafi da rabonsa. Matsalar ita ce yawanci da dare take wannan aiki. Akwai tsohuwar dabara: da magariba ka sa kwalbar da ka zuba ta a ciki a firij, ba wajen ƙanƙara ba, ko a kula mai ƙanƙara da aka naɗe da tsumma. Da safe ka fitar, ka bar ta ta huce, ka riƙa ɗiba duk rabin awa. In babu hanyar sanyi, ka ɗibi kaɗan wajen tsakar dare, ka ɗiga masa aidin da aka sirka har ya yi launin shayi marar kauri, zai tsaya yadda yake har safe. Abin nema shi ne sel biyu gajeru a jere, ko bangon da bai gama haɗewa a tsakiya ba. Zare uku ko huɗu kawai za ka ɗora, in ka cika sai duhu.

8. Maitokondiriya

Ita ce mai wuya. Albasa ake amfani da ita saboda fatar cikinta ba ta da kuloroflas da za su tare gani. Ka ɓare ɓawo mai tsoka, ka tsaga ɗan murabba'i a fuskar ciki, ka ɗago siririyar fatar da hantsaki. Ka haɗa rinin Janus green B kashi 1 cikin 10,000, wato miligiram 10 a ruwa mililita 100. Tun 1900 Leonor Michaelis ya nuna cewa wannan rini na kama maitokondiriya mai rai. Ka bar fatar a cikin ɗigon rinin minti 10 a buɗe, ba murfi, domin launin sai da iska yake tsayawa. Sannan ka rufe, ka saita da 40, ka ɗiga man madubi a kan murfin, ka juya zuwa 100. In babu man, gilisarin na kemis zai yi maleji. Man gyaɗa ko na inji kuwa lalata idon zai yi.

Ka duba siririn ruwan da ke bin bangon sel da kewayen cibiya. Za ka ga 'yan ɗigogi da gajerun sanduna masu shuɗi-kore suna tafiya. Kada ka ruɗe da ɗigon mai: su zagayayyu ne sumul, suna ƙyalli, ba sa ɗaukar rini. In launin ya dushe bayan ɗan lokaci, iskar ƙarƙashin murfi ce ta ƙare, ka ɗaga ka mayar. In babu rinin sam, ka ƙara matse ƙofar haske, za ka gan su toka-toka.

Za ka iya cin karo da mai ƙugu, amma kada ka yanke hukunci da sauri. Maitokondiriya na rabuwa, tana kuma haɗewa da 'yar'uwarta, saɓanin kuloroflas da ba a san shi da yawan haɗewa ba. Mai ƙugun da ka gani zai yiwu rabuwa take, zai yiwu haɗuwa take. Ka gaya wa ɗalibai haka ƙarara, su rubuta abin da suka gani kawai. Masu binciken da suka yi nazarin yadda rabuwar ke gudana, irin su Tsuneyoshi Kuroiwa na Jafan, sun koma ne ga wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa mai suna Cyanidioschyzon merolae, da ke rayuwa a ruwan zafi mai tsami. Kuloroflas ɗaya gare ta, maitokondiriya ɗaya, kuma bi da bi suke rabuwa: kuloroflas ya fara, maitokondiriya ta biyo, sannan sel ɗin kansa.

9. Zane da kintsa kaya

Kowane zane a rubuta masa sunan samfur, wurin da aka yanko, girman ninki, da lokaci. In za a ɗauki hoto da waya, a riƙe ta ɗan nesa da idon sama har da'irar haske ta cika fuskarta, a kashe filasha. Da an gama, a goge ido lamba 100 nan take da takardar goge gilashi, kada mai ya kwana a kai, kuma kada ya taɓa ido lamba 40. Rezar da aka yi aiki da ita a naɗe ta a takarda kafin a yar. Madubin a rufe shi da leda ko yadi saboda ƙurar hunturu, da damina kuma a ajiye shi inda iska ke ratsawa don kada fumfuna ta kama gilasansa. Farantin gansakuka in ka ci gaba da yayyafa masa ruwa zai yi ta ba ka sabon toho har zangon karatu ya ƙare.